Gupi, moli, filati ko mai takobi: wanne za ka fara zubawa, kuma maza nawa mata nawa?

Ranar da na sayi kifin ado na farko, mai shagon ya kamo mini gupi biyu ya ɗaure a leda, ya ce, "Alhaji, ga miji ga mata, sai dai ka jira haihuwa." Na dawo gida ina murna. Tun daga ranar namijin nan bai bar ta ta huta ba. In ta yi gabas yana bayanta, in ta sauko ƙasa yana bayanta, ko abinci na zuba sai ya bar abincin ya bi ta. Cikin sati biyu ta koma maƙalewa a bayan filta, wato na'urar tace ruwan tankin, wutsiya duk ta yage, ciki ya shafe. Wata safiya na tarar da ita a kwance a kan tsakuwa. Shi kuwa gogan naka yana ta yawonsa kamar ba shi ya yi ba.

Tun daga nan, in aka tambaye ni wane kifi ya fi kyau, ba launi nake fara dubawa ba. Abin da nake tambaya shi ne: namijin wannan kifi yaya yake da matansa, kuma zan iya bambance shi da mace da idona ba tare da na dogara da bakin mai sayarwa ba?

Kifayen da muke magana a kansu, wato gupi da moli da filati da mai takobi, 'yan gida ɗaya ne, asalinsu daga yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Ba sa zuba ƙwai kamar tarwaɗa ko karfasa. Macen ce ke riƙe ƙwan a cikinta har ya ƙyanƙyashe, bayan kamar sati huɗu ta haifo 'ya'ya suna iyo. Namijin kuma ba shi da lokacin barbara, kullum lokacinsa ne. Shi ya sa masu kiwo suka tsaya a kan namiji 1 ga mata 2 ko 3, domin ya raba fitinarsa, kowace ta samu ta ci abinci ta numfasa. Ni uku nake cewa. A nan kam kishiya rahama ce.

Moli ka bar shi tukuna: yana girma har santimita 10, yana cika ruwa da kashi, kuma da ruwan ya ɗan canja sai ka ga yana rangaji a wuri ɗaya. Mai takobi, wanda wutsiyar namijinsa ke da dogon tsini kamar takobi, kyakkyawa ne, amma mazan faɗa suke kamar zakaru, yana son tanki mai tsawo, kuma in ka manta murfi a buɗe a kan tabarma za ka tsince shi.

Gupi shi ne kowa ya sani, kuma na yarda babu mai wutsiyarsa. Sunan ma na wani mutum ne, Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da shi Landan daga tsibirin Tirinidad a 1866, kuma an yi ta kai shi ƙasashe domin ya cinye tsutsar sauro. Wancan na asali ƙarfi gare shi. Amma waɗannan masu wutsiya kamar mayafi, an yi ta haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwa domin launi har jikinsu ya yi laushi, kuma a cikin dangin nan ban ga namijin da ya kai na gupi naci ba.

Ni filati nake ba kowa shawara ya fara da shi. Ɗan gajere ne mai faɗi, santimita 5 zuwa 6, asalinsa kogunan Meziko da Gwatamala da Beliz. Abin da ya fara ja na gare shi shi ne macen ma tana da launi. A gupi namiji ne ɗan kwalliya, macen toka-toka, shi ya sa mutum ke shiga shago ya kwaso maza shida da mace ɗaya don ido ya ji daɗi, ya kai ta gida ya kashe ta. A filati kuwa ja ja ne, ko namiji ko mace. Ruwan lemo haka, mai baƙar wutsiya haka, har da wanda ke da ɗigo uku a gindin wutsiya kamar kan ɓera na katun. Don haka in ka sayi mata uku da namiji ɗaya ba ka rasa komai na ado ba. Macen kuma ta fi namijin jiki, in ya dame ta takan juya ta kore shi. Yana bin ta, ba na ce ba ya bi ba, amma yakan gaji ya koma tsattsagar gansakuka a jikin gilashi.

Ga kuma haƙuri da yanayi. Filati yana zaune lafiya daga digiri 20 zuwa 26, don haka daren hunturu da aka ɗauke wuta hita mai ɗumama ruwan ta mutu, shi ne na ƙarshe da zai nuna maka ya ji jiki. Yana son ruwa mai ɗan nauyin ma'adini, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. Bazara ce abin tsoro: ruwa in ya haura digiri 30 iskar cikinsa raguwa take, sai ka ga kifi sun taru a sama suna haki. Ka nisanta tankin daga taga, ka bar injin iska yana aiki.

Lissafin da nake yi: tanki mai lita 60, namiji 1 da mata 3. Mai lita 100, maza 2 da mata 6. Kada ka ce wurin ya yi fili, domin kowace mace tana iya sauke 'ya'ya 20 zuwa 40 a kowane wata. Manyan za su cinye da yawa, kada abin ya ba ka tausayi, shi ke hana tankin cika. Waɗanda suka ɓuya a ciyawa suka tsira, cikin wata huɗu su ma sun fara haihuwa, kuma daga nan lissafinka na farko ya rushe, sai ka riƙa tsamo mazan kana rabar wa yaran maƙwabta. In ba ka son wannan hidima, zuba maza zalla, amma kada su gaza biyar ko shida. In biyu ne ko uku, ɗaya zai zama jakin sauran. Mata zalla kuwa ba mafita ba ce yadda ake zato. Macen kifin nan tana ajiye maniyyi a jikinta na watanni, ta haihu sau uku ko huɗu babu namiji a kusa, kuma duk macen da ta kwana a tanki ɗaya da maza a shago ka ɗauka da ciki ka sayo ta.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kowa mata yake nema da zarar ya waye, mazan kuma su ke yin kwantai, to sai a haɗa maka da ƙananan maza a ce mata ne. An yi mini. Na biya kuɗin mata huɗu, bayan wata biyu, sai uku daga ciki suka zama maza, suka taru a kan ɗayar. Maganin abin a idonka yake. Durƙusa ka kalli kifin ta gefe, ka dubi fiffiken da ke ƙasan ciki, dab da inda wutsiya ta fara. Na mace a buɗe yake kamar ƙaramin mafici. Na namiji a naɗe yake, siriri kamar tsinken sakace, a kwance yana kallon baya, da shi yake barbara. Matsalar ita ce duk ɗan kifi da mafici ake haihuwarsa, sai ya girma na namijin ke naɗewa. Don haka ƙaramin kifi ba shi da shaida. Sayi wadda ta kai santimita 4, mai cikakken ciki. A mai takobi abin ya fi muni, akwai mazan da sukan yi wata da watanni da siffar mata kafin takobin ya fito, shi ya sa za ka ji ana rantsuwa cewa mace ta rikiɗe.

Kada ka yarda a kamo maka daga ciki a fito da leda a ɗaure. Ka tsaya a gaban tankin ka nuna da yatsa, bayan an ɗaure ka ɗaga ledar a haske ka sake ƙirgawa. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce yana sauri, ka bar masa kayansa. Masu tallar hoto a WhatsApp kuwa, ba a cinikin biri a sama. Hoton wani kifin ne a wata ƙasa, abin da zai iso maka a mota daban.

Akwai kuma masu kamo gupin kwata, ƙanana masu ɗigo-ɗigo, su sayar a farashin na ado, su ce ai launin zai fito in ya girma. Ba zai fito ba, kuma da cutar kwata zai shigo maka. Akwai kifin da ake yi wa rini, launin ya yi ƙyalli kamar alawa, bayan 'yan watanni ya koɗe in kifin ya kai lokacin. Moli mai kumburin ciki da ake yi wa kirari da balan-balan ba wani sabon iri ba ne, ƙashin bayansa ne a lanƙwashe aka mayar da nakasar ado, kuma macensa tana shan wuya wurin haihuwa. Dubi jikin kowane kifi a tankin, ba wanda za ka saya kaɗai ba: fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, fiffike a manne da jiki, ko jan zare yana leƙowa ta dubura, wanda tsutsar ciki ce. In ka ga ɗaya, ko mushe guda a ƙasa, duk tankin ka haƙura da shi komai arharsa.

Kuma duk wanda ya ce ka sayi tanki da kifi rana ɗaya ka haɗa, cinikinsa yake dubawa. Sabon tanki yana buƙatar sati 4 zuwa 6 filta na aiki, kana ɗan jefa abinci, kafin ƙwayoyin da ke narkar da gubar kashin kifi su zauna. In ruwan famfo ne ka sa maganin cire kulorin. Ranar zubawa, ɗora ledar a kan ruwan minti 20 ɗumin ya daidaita, ka tsamo kifin da raga, ruwan shagon ka zubar a waje. Matan za ka fara kawowa, su yi sati guda su san maɓoyarsu a cikin ciyawa, sannan ka koma ka sayo angon.