Sharhi kan mazurarin Berlese da madubin USB: kayan kallon yadda kaskar ƙasa ke kare kanta

Kayan da ake sayarwa haɗe da sunan mazurarin Berlese guda biyar ne a kwali ɗaya: mazurarin roba, raga, maƙalin ƙwan lantarki, kwalbar tara samfur, da ƙaramin madubin ƙara girma mai haɗuwa da kwamfuta. Dabarar tsohuwa ce. Antonio Berlese na Italiya ya fito da ita a 1905, Albert Tullgren na Suwidin ya ƙara mata ƙwan lantarki a 1918. Zafi yana busar da ƙasa daga sama, ƙananan halittu su yi ta gudu ƙasa har su faɗa kwalba. Na gwada kayan a kan kaskar ƙasa ta rukunin Oribatida, ƴan mitsi-mitsin dangin kaska da gizo-gizo waɗanda yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Ba sa shan jini, ruɓaɓɓen ganye da naman gwari suke ci.

Mazurarin da ragar ba su da laifi. Ramin raga na milimita 2 ya yi daidai. A zuba ganye da ƙasar sama kauri bai wuce santimita 5 ba, kada a danne, a bar ɗan fili a gefe domin iska. In aka cika shi taf, raɓa za ta taru a jikin mazurari, dabbobin su manne su mutu kafin su isa kwalba. Samfurin damina daga gindin bishiya mai inuwa ya fi na rani albarka nesa ba kusa ba.

Matsala ta farko ƙwan ne. LED aka saka, shi kuwa haske yake bayarwa ba zafi ba. A canza shi da tsohon ƙwai mai zafi na wat 25, a rataye shi kamar santimita 15 zuwa 20 sama da samfur, a ba shi kwana biyar zuwa bakwai. Wat 60 yana gasa ƙasa da sauri, ƙananan da jikinsu bai yi tauri ba su bushe a ciki, a rasa rabin labarin.

Matsala ta biyu ta fi damuna. Takardar umarni ta ce a zuba sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari a kwalba. Wannan ya dace da mai ƙidayar nau'i, amma mai son ganin kariya rayayyu yake buƙata. A kwaɓa garin POP kashi tara da garin gawayi kashi ɗaya, a zuba a gindin kwalba kaurin santimita ɗaya, a bar shi ya sandare, sannan a jiƙa shi da ɗigon ruwa. Za su zauna da rai, baƙin gawayin kuma yana fito da su sarai. A riƙa tsame kaska mafarauta masu dogayen ƙafafu da saurin gudu kullum, in ba haka ba za su cinye ƙanana.

Da rayayyu a hannu, sai a taɓa su da gashin buroshi ɗaya. Ƴan gidan Phthiracaridae da Euphthiracaridae suna janye ƙafafu takwas ɗin cikin jiki, su rufe garkuwar gaba a kansu kamar kunkuru, su koma ƙwallo mai santsi wanda mafarauci ba ya samun wurin kamawa. Wannan salon naɗewa ya samo asali aƙalla sau uku daban-daban a tarihin rukunin, abin da ke nuna tsananin matsin da suka sha daga masu cinsu. Ƴan gidan Galumnidae kuwa wasu faifai ne da su a gefe masu kama da fukafukai, suna sauke su su rufe ƙafafu. Wasu ƴan Damaeidae suna ɗauke da tsohuwar fatar da suka saɓe da tarkacen ƙasa a bayansu. Dalilin wannan shiri duka a fili yake: dabba ce mai jinkirin girma, ƙwai kaɗan take yi, wasu nau'o'in sai sun shekara ko fiye kafin su balaga. An samu burbushin kakanninsu a duwatsun Gilboa na jihar New York masu shekaru kusan miliyan 380.

Akwai kariyar da madubin ba zai nuna ba. Da yawansu suna da ƙulli biyu a gefen baya masu fitar da mai mai korar mafarauta, kuma ƙanana marasa sulke da shi suka fi dogara. A 2017 masu bincike a Jamus suka nuna cewa man wani nau'insu mai suna Oribatula tibialis yana sakin gubar sayanaid idan ya haɗu da danshi, kamar yawun mai cinta. Kwaɗi masu guba na Kosta Rika da Panama suna samun wani ɓangare na gubarsu daga cin irin waɗannan kaska. Duk da haka akwai ƙananan ƙwari ƴan Scydmaeninae da suka ƙware wajen huda sulken, wasu sukan ɗauki sa'o'i suna kankara.

Madubin USB shi ne mafi rauni a kwalin. Lambar girman da aka rubuta a jikinsa girman hoto ne a allo, ba ƙarin bayani ba. Yana nuna naɗewa da faifan gefe, amma ba ya nuna gashi da ramukan da ake bambance nau'i da su. Fitilunsa suna dukan sulke mai sheƙi hoton ya zama fari fat. A kashe su, a haska tocila daga gefe ta cikin farar takarda. Ƙafarsa tana rawa, sai an ɗaure ta a katako. Malamin sakandare zai ci moriyarsa a aji. Ɗalibin jami'a mai aikin tantance nau'i ya sayi mazurarin kaɗai, ya nemi madubi mai ido biyu da ke ƙara girma sau 40.