Interpol a bakin aiki: rumbun fasfo ya ciri tuta, jar sanarwa sai da lura

Masu jin sunan Interpol a labarai da yawa sun ɗauka wata runduna ce da ke tsallaka ƙasashe tana kama mutane. Ƙungiyar haɗin gwiwar 'yan sandan ƙasashe ce, ba ta kama kowa. Hedikwatarta tana birnin Liyon na Faransa, ƙasashe 196 ne mambobinta, kuma hidimar da take yi musu ta isar da bayani ce. Hanyar ita ce I-24/7, layin sadarwa mai tsaro da aka buɗe a 2003, wanda ya haɗa ofishin Interpol na kowace ƙasa da sauran, har da na Abuja da na Yamai. A kansa ake bincika rumbunan bayanai: sunayen waɗanda ake nema, zanen yatsa, hoton fuska, motocin sata, makamai, da takardun tafiya.

Sashen da ya fi biyan buƙata shi ne SLTD, rumbun fasfunan da aka sace ko suka ɓata. An kafa shi a 2002, yanzu yana ɗauke da takardu sama da miliyan 100. Aikinsa ba shi da kwana-kwana. Mai fasfo ya kai rahoto, ƙasar da ta buga fasfon ta soke shi ta shigar da lambarsa, domin ita kaɗai ke da ikon shigarwa. A filin jirgi jami'in shige da fice ya ɗora shafin hoto a kan na'ura, ta karanta layuka biyun nan na ƙasa, amsa ta dawo cikin daƙiƙoƙi. In lamba ta yi daidai da ta rumbun, sai a ja matafiyin gefe, ofishin Interpol na ƙasar ya tuntuɓi na ƙasar da ta ba da fasfon don tabbatarwa. Da lamba ake nema, shi ya sa kuskure bai cika yawa ba. Inda intanet ke da ƙarfi ana amfani da FIND, mai tambayar Liyon kai tsaye. Inda layi ke yankewa akwai MIND, kwafin rumbun da ake ajiyewa a cikin ƙasa ana sabunta shi lokaci-lokaci. Illarsa ita ce fasfon da aka soke da safen nan zai iya wucewa kafin sabon kwafi ya sauka.

Amma rumbu ba ya binciken kansa. A watan Maris na 2014 mutum biyu suka hau jirgin Malesiya MH370 da fasfunan sata, ɗaya na Italiya ɗaya na Ostiriya, duka an sace su a Tailan, duka kuma suna cikin SLTD tun kafin ranar. Babu wanda ya duba. Wannan shi ne babban raunin tsarin har gobe: a ƙasashe da dama layin ya tsaya a ofishin babban birni da manyan filayen jirgi. Iyakar ƙasa irin ta Illela da Ƙonni ko Jibiya da Ɗan Isa, inda jama'a ke ratsawa a babur da ƙafa ta hanyoyin da ba su biyo ta gaban shinge ba, na'urar karanta fasfo ba ta da abin karantawa. Shirin WAPIS, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa Interpol ta fara gudanarwa a 2012, ya zo ne don mayar da fayilolin 'yan sandan Afirka ta Yamma daga takarda zuwa kwamfuta. Tunani ne mai kyau, sai dai yana cin wuta, yana cin kuɗin gyara, kuma in aka yi wa jami'in da aka horar canjin wurin aiki, kwamfutar takan koma shan ƙura.

Shawara ga matafiyi a nan: fasfon da ka kai rahoton ɓatansa, in ka tsince shi a ƙasan akwati daga baya, kada ka yi tafiya da shi. Lambarsa ta riga ta shiga rumbu, a filin jirgin wata ƙasa za a ƙwace shi.

A fagen yaƙi da ta'addanci kuwa, hidimar tana da kyau daidai gwargwadon abin da ƙasashe suka yarda su zuba. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 2178 na 2014 da mai lamba 2396 na 2017 sun matsa wa ƙasashe su riƙa musayar bayanan mayaƙa masu tsallaka iyaka, su tattara bayanan fasinjojin jirgi da zanen yatsa. Shuɗiyar sanarwa, wadda ake fitarwa don gano inda mutum yake da abin da yake ciki, ta fi amfani a nan fiye da yadda ake zato. To amma kowace ƙasa tana da ikon taƙaita wanda zai ga bayaninta, kuma hukumomin leƙen asiri ba sa son zuba sirrinsu a kwanon da mutum 196 ke sa hannu. Abu mai tsoka yakan bi ta tsakanin aminai, kamar ƙawancen Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da Niyu Zilan. Sannan ga matsalar suna. Mutum ɗaya Usman Abubakar ne a takardar Najeriya, Ousmane Aboubacar a ta Nijar, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu kamar dubban wasu. Binciken suna zalla ko dai ya tsallake wanda ake nema, ko ya tsayar da bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Maganin shi ne a haɗa da zanen yatsa da hoto mai kyau, abin da yawancin fayiloli ba su da shi.

Jar sanarwa ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi jawo surutu. Ba sammacin duniya ba ce. Roƙo ne a gano mutum a tsare shi kafin a nemi tasa ƙeyarsa, kuma kowace ƙasa da yadda take ɗaukarta. Amurka, alal misali, ba ta kama mutum bisa jar sanarwa kawai. Interpol ba ta fitar da ita sai laifin ya kai wanda hukuncinsa zai iya kai shekara 2 a gidan yari, ko an riga an yanke aƙalla wata 6, kuma takan yi shekara 5 kafin a sabunta. Sashe na 3 na kundin Interpol ya haramta shiga harkar siyasa, soja, addini ko launin fata, amma kalmar "ɗan ta'adda" tana da sauƙin liƙa wa ɗan adawa. Hakeem al-Araibi, ɗan ƙwallon Bahrain da Ostireliya ta ba mafaka, an tsare shi a Bankok a Nuwamban 2018 bisa buƙatar ƙasar da ya gudo daga cikinta, bai fita ba sai Fabrairun 2019, alhali ƙa'idar Interpol ta hana irin wannan sanarwa a kan ɗan gudun hijira. Interpol na da sashen tantance sanarwa tun 2016, duk da haka wasu na zillewa.

Yawancin jajayen sanarwa ba a sa su a shafin intanet, don haka rashin ganin sunanka a can ba shaida ba ce. Wanda yake zargin an saka shi zai rubuta wa hukumar CCF mai sa ido kan fayilolin Interpol, da Larabci, Ingilishi, Faransanci ko Sifaniyanci, ya sa hannu, ya haɗa da kwafin shaidarsa. Ba a biyan ko sisi. Bayan an karɓi buƙatar, neman sanin abin da ke cikin fayil yana ɗaukar har wata 4, neman gogewa kuma har wata 9, kuma a tsawon wannan jiran gara mutum ya jingine tafiye-tafiye.