Wata shida da Godot, da yadda amalankena ya daina nutsewa cikin ƙasa

Salamu alaikum jama'a. Wata shida kenan ina fama da Godot, injin ƙera gem, a nan Jidda, da daddare in na taso daga shago, to yau na ce bari in faɗi abin da na gani game da kolishan, wato jikin nan da ba a gani wanda injin ke dubawa ya san nan bango ne nan ƙasa ce. Hoton da ke kan allo daban, abin da ɗan wasanka ke cin karo da shi daban.

Injin dai kyauta ne, ko riyal ɗaya ban biya ba, wasu 'yan Ajantina ne Juan Linietsky da Ariel Manzur suka sake shi ga kowa a 2014. Gem ɗin nawa ƙarami ne, yaro ke tura amalanke a lungunan Balad, tsohon garin Jidda. Na zauna a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, na ƙera gida har da roshan ɗinsa, tagogin katakon nan masu sassaƙa, na kawo shi Godot sai na ga akwai wurin da za ka danna kawai ya ƙera maka kolishan daga meshin, wato siffar da ka ƙera, na ce kai ashe abin banza ne ma.

Na zaɓi tiraimesh, wanda ke kwafe siffar abu kaf, kowane lungu da saƙo. A gine-gine ya zauna daram tunda ba motsi suke ba. Sai zumuɗi ya ɗebe ni na saka wa amalanken ma, ina danna fara wasa wallahi sai gani na yi ya shige ƙasa kamar an jefa dutse a rijiya. Laifina ne, a rubuce yake cikin bayanansu ban karanta ba, tiraimesh fanko ne, fata ce kawai ba ciki, an yi shi ne don StaticBody3D, wato abin da ba ya motsi, ba don abin da ke gangarawa ba. Kuma injin sau 60 yake lissafi a daƙiƙa, in abu na gudu sosai yanzu yana gaban bango anjima yana bayansa, ba wanda ya ga wucewarsa.

Na koma nau'i na biyu, konbeks guda ɗaya, na saka wa amalanken da gidan duka. Shi kuma kamar ka ɗaure bakin ƙwarya da leda ne, duk wani rami ya toshe. Ƙofar gidan ga ta a buɗe ido na gani amma yaro ya ƙi shiga, yana ta dungure a iska, buhun da na jefa a amalanke kuma ya tsaya a sama kamar aikin aljanu. Har sai da na kunna nuna kolishan a wajen dibog, inda ake binciken matsala, sannan na ga katangar da na gina wa kaina. Wannan abin kam ya biya ni, da tun farko na kunna shi da ban yi asarar sati uku ba.

Akwai na uku da ke farfasa abu zuwa konbeks da yawa da wata dabara mai suna V-HACD, yana aiki, amma ni da hannu na fi gane wa. Amalanke akwati biyar ne kawai, gindi ɗaya gefe huɗu, yaro kuma kafsul, siffa kamar ƙwayar magani. Roshan ɗin da na kwana biyu ina sassaƙawa? Akwati ɗaya tal na manna masa, fankar laftof ɗina da ke kuka kamar tsohon mukayyif, wato AC, ta yi shiru. Ƙanina ya buga kusan awa guda yana shan shayi, ko a jikinsa, bai ma san akwati yake gogawa ba.

Abin da ya fi burge ni, tun a Blender in ka ƙara -col a ƙarshen sunan abu zai shigo da tiraimesh ɗinsa, -convcol ya ba ka konbeks, -colonly kuma ya ɓoye hoton ya bar kolishan zalla, da shi nake ƙera sauƙaƙan bangaye yanzu. Sai dai kar ka ja sikel ɗin kolishan, wato ka miƙe shi, ta gefe ɗaya, canza girmansa a cikin siffar kanta. Daga Godot 4.4 da ta fito a 2025 sun saka Jolt a ciki, wani injin lissafin motsi da karo, na koma kansa, buhuna sun fi zama lafiya in na jibga su.

Yanzu matakala ce ta rage min, kafsul ɗin yaron na maƙalewa a kowane hawa, gobe in Allah ya kai mu zan shimfiɗa mata gangare a ɓoye in gani.