Sharhi Kan Gyaran Kafasitar Sautin Mota da Fitilunta a Agege

Kafasitar da ake ɗaura wa kayan sautin mota, wato gwangwanin nan mai ajiye wutar lantarki, ba abu ba ce da za a miƙa wa kowane mai wayarin ya kwance, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana yadda aikin tawa ya kasance a hannun wani matashi da ke gyaran wayar mota a Agege, Legas. Tawa mai farad 1 ce (farad shi ne ma'aunin girman kafasita), tana cikin but kusa da amfilifaya, kuma a samanta akwai ƙaramin allo mai nuna ƙarfin wuta da shuɗɗan fitilu kewaye da shi. Abu biyu suka kai ni wurinsa. Fitilun ba sa mutuwa da wuri bayan an kashe mota, wani lokaci ma su kwana a kunne suna jan batir a hankali. Sannan da dare, musamman a cunkoson gadar Third Mainland, haskensu yakan bugi gilashin baya ya dawo cikin madubi har ya dame ni.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai ɗauki sifana ba sai da ya tabbatar babu wuta a cikin kafasitar. Ya cire zoben hannunsa, ya kwance baƙar wayar batir, ya zare fis ɗin da ke kan babbar wayar da ta nufi but, sa'an nan ya haɗa ƙwan fitilar mota na bolt 12 tsakanin kawunan kafasitar biyu. Ƙwan ya kama da haske sosai, ya yi ta dushewa har ya mutu, duk da haka sai da ya sa mita ya ga ta sauka kusa da sifili kafin ya ci gaba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an cire batir an gama da haɗari, alhali kafasita tana riƙe da wutarta ko da an raba ta da mota. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, amma kafasita tana iya zubar da duk abin da ta tara cikin ƙiftawar ido, kuma idan sifana ko zobe ya haɗa kawunan nan biyu, tartsatsin ya isa ya ƙona fata ya ɓata ƙarfe.

Na tambaye shi ko sai an buɗe gwangwanin kafin a kai ga fitilun. Ya ce, “A'a, Alhaji, gwangwanin ba a taɓa shi, aikinmu duk a kan allon sama yake.” Haka kuwa aka yi. Allon lambobi da fitilun suna kan wani ƙaramin faifai ne da aka ɗaure da noti a saman kafasitar, shi kuwa gwangwanin a rufe yake da ruwan sinadari a ciki, kuma idan aka huda shi ko aka juya masa wayoyi, aka sa ta + a wurin ta –, yana iya kumbura ko ya fashe. Saboda haka kafin ya kwance komai sai da ya ɗaura jan tef a kan wayar + don kada a rikita su wajen mayarwa.

Wurin canza fitilun ne na fi ganin ƙwarewarsa. Na zaɓi masu launin ruwan goro maimakon shuɗɗan, ya kuma bayyana mini cewa irin waɗannan ƙananan fitilu na LED ba a haɗa su kai tsaye da wutar mota. Shuɗiya tana buƙatar kimanin bolt 3, ja ko ruwan goro kimanin bolt 2, ita kuwa mota idan injin yana aiki wutarta takan kai tsakanin bolt 13.8 da 14.4, don haka dole a sa rizista a gaban fitilar ta rage abin da ke shiga. Ya sa mai om 1,000, wadda ke barin abin da bai fi miliamfiya 12 da ɗoriya ba ya wuce, ƙasa da 20 ɗin da irin waɗannan fitilu suka saba ɗauka. Hasken ya fito a tausashe, ana ganinsa idan an buɗe but amma ba ya isa gilashi. Ya like kowace ƙafa da dalma, ya lulluɓe ta da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, bai bar waya a murɗe da tef kawai ba, wanda a zafin but da girgizar ramukan hanya ba ya daɗewa yake warwarewa.

Matsalar kwana a kunne kuma ya magance ta da ƙaramin rile, wato makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa. Ya yanke wutar da ke shiga faifan, ya bi da ita ta cikin rilen, ya haɗa rilen da siririyar wayar nan mai shuɗi da fari da ke tasowa daga rediyo ta kunna amfilifaya. Yanzu allon da fitilun suna tashi tare da rediyo, suna mutuwa tare da ita.

Wajen mayarwa ma bai yi gaggawa ba. Kafasitar da babu komai a cikinta tana zuƙar wuta da ƙarfi idan aka haɗa ta da batir kai tsaye, har ta iya ƙona fis, don haka ya sa ƙwan nan a mazaunin fis ɗin ya bar ta ta cika a hankali, sai da mita ta nuna ta yi daidai da batir, wato wajen bolt 12.6, sannan ya mayar da fis. Ya kuma kankare fenti da tsatsar da ke wurin da wayar at, wato ta –, ta kama jikin mota. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin damshi da iskar teku suna saurin cinye mahaɗar waya, kuma da damina ruwa kan shiga but ba tare da mai mota ya sani ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. A bakin titi yake aiki, yana bari ya duba wata motar ya dawo, don haka aikin ya ci lokaci fiye da yadda ya dace. Bai kuma rubuta mini yadda ya bi da wayoyin ba, ga shi duk wanda zai taɓa motar nan gaba yana buƙatar sanin akwai rile a wurin. Ni na ɗauki hoton haɗin da wayata kafin ya rufe. Kayan aikin ma ba ya ajiye su, sai da aka aika kasuwar Alaba aka samo fitilun da rizista. Kuɗin aikin dai bai yi mini yawa ba.

Game da ita kanta kafasitar, ya gaya mini gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, cewa ba ta samar da wuta, tana ajiye kaɗan ne ta saki a daidai lokacin da sauti mai nauyi ya buga. Abin da aka saba bi shi ne farad 1 ga kowane wat 1,000, kuma a ɗaura ta kusa da amfilifaya, kada tazarar ta wuce santimita 45. A motata ta rage lumshewar da fitilun gaba ke yi idan sautin ya buga, amma ba ta kawar da ita ba, musamman idan ina tsaye a cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne, lokacin da altaneta, mai cajin batir, ba ta juyawa da sauri. Shawararsa ita ce in ƙara kaurin wayoyi uku: wadda ta taso daga altaneta zuwa batir, da ta batir zuwa jikin mota, da ta inji zuwa jikin mota, kuma in nemi tagulla zalla, ba alminiyon da aka shafa wa tagulla ba. Na amince da shawarar, kuma shi zan kai wa aikin idan na samo wayar daga kasuwar Ladipo.