Tag ɗin biyan kuɗin hanya a kan babur: inda yake biyan buƙata da inda yake ba da wahala

Masu manyan babura a Katsina da ke shirin doguwar tafiya, ko ziyarar Kaulaha da Fas ko ƙetarawa Turai ta Tanja, sukan sa tag ɗin biyan kuɗin hanya cikin kayan da za su saya tun ba su ga shingen farko ba. 'Yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba. Eriyar da ke saman shinge ce ke karanta ta, sandar ta ɗaga, a wuce ba a miƙa wa kowa kuɗi ba. Ga mai mota jin daɗi ne kawai. Ga mai babur abin ya wuce haka, don biya da hannu a kan babur aiki ne sosai: a tsaya, a sa giya a firi, a cire safar hannu, a zuge aljihu, a lalubo kati, a karɓi rasit, a mayar da komai inda yake, ga tirela a baya tana ta danna hon. Sai dai an ƙera na'urar ne don gilashin gaban mota, kuma kusan duk wahalar da take ba mai babur daga nan ta taso.

In tafiyar ba za ta wuce Najeriya ba, a bar kuɗin a sha mai da su. Daga Katsina zuwa Kano ta Charanchi da Kankiya da Bichi, ko daga Daura ta Kazaure, babu inda za a nuna tag. Gwamnatin Obasanjo ta soke tolget na hanyoyin tarayya a ƙarshen 2003. Da aka dawo da maganar a 2021, tsarin da majalisar zartarwa ta amince da shi ya cire babura da kekuna da masu ƙafa uku daga biya. Haka aka bi a watan Fabrairun 2025 da aka fara karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Makurdi, mai shinge huɗu a Keffi da Akwanga da Lafiya da Makurdi: ƙaramar mota Naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci 1,600, babur kuwa kyauta. Shingayen da ke tsayar da mai babur a hanyoyinmu na duba takardu ne, su kuma tag ba ya ɗaga su.

A waje ne maganar take, kuma babu tag guda da zai kai mutum daga Legas har Faris. Na Senegal, Rapido, na babbar hanyar da ta fita daga Dakar zuwa Diamniadio ne, wadda aka buɗe a 2013. Tazarar gajera ce, mai wucewa sau ɗaya ko biyu ya biya sefa a taga ya yi gaba, ya fi masa sauƙi. A Maroko ne lissafin ke sauyawa. Daga Agadir ta Marakish da Kasabalanka da Rabat zuwa tashar jirgin ruwa ta Tanja kusan kilomita 800 ne a kan hanyar biya, ga kuma reshen da ya tashi daga Rabat zuwa Meknes da Fas. Tag ɗinsu, Jawaz, na zubin kuɗi ne tun farko, kamar katin waya. Ana sayensa a ofisoshin kamfanin hanyoyin da ke kusa da shingaye, a zuba masa dirhami a hannu, ba a buƙatar asusun banki na ƙasar. Wannan shi ne mafi dacewa da matafiyi daga nan. Aibinsa biyu: a Maroko babur yana cikin rukuni ɗaya da ƙaramar mota, ba wani sauƙin farashi, sannan abin da ya rage a ciki ba zai yi amfani a Sifaniya ba. A zuba daidai tafiya, in ya yi ƙasa a ƙara.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Faransa, wanda kamfanoni irin su Ulys da Bip&Go da Fulli ke bayarwa. Kowane daga cikinsu yana aiki a dukkan hanyoyin biya na ƙasar, kuma in an zaɓi tsarin da ya haɗa da maƙwabta, yana buɗe shingen Sifaniya da Fotugal da Italiya. Kuɗin hidima wajen Yuro 2 ne a watan da aka yi amfani da shi, da ɗan ƙari in an yi amfani da shi a wata ƙasa. Ba ya rage kuɗin hanya ko kwabo. Abin da ake saye shi ne rashin tsayawa. Shi kuma ba na zubi ba ne, a ƙarshen wata ake cirewa daga asusu, to a nan ɗan Najeriya ke fara cin karo. Mafi yawan tsare-tsaren asusun bankin Turai suke nema, wasu kuma suna karɓar katin banki. Katin naira ba abin dogaro ba ne a wannan: bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da shi a 2022, waɗanda suka dawo da ita a 2025 kuma da iyaka suka dawo. In cirewar ta ƙi shiga, sai a toshe tag ɗin, mutum ba zai sani ba sai ya isa gaban sanda ta ƙi motsi. Katin dala na asusun ajiyar kuɗin waje shi ne mafita, ko wani ɗan'uwa mazaunin can ya yi rajistar da asusunsa a riƙa biyansa.

Inda za a ajiye shi a jikin babur shi ne rabin aikin. Eriyar tana sama, tana kallon ƙasa a karkace, tana aika sigina a kan mita 5.8 GHz. Ƙarfe yana tare wannan siginar, jikin mutum ma yana tare ta saboda ruwan da ke cikinsa. Leda da yadi da robar gilashin babur ba sa tarewa. Da an riƙe wannan, sauran duk a fili yake. Akwatin gefe na alminiyam, ko ƙarƙashin kujera, ko aljihun wando na baya, duk kamar ba a ɗauko shi ba ne. Aljihun ƙirji na jaket yana yi, amma da sharaɗi: fuskar da ya kamata ta kalli gilashi a mota ita za ta kalli waje, kuma kada waya ko fawa bank ko makulli su shiga gabanta. Mahayin babur irin na tsere da ke kwantawa a kan tanki yakan rufe aljihun da jikinsa, shi sai ya miƙe zaune yayin shiga layi. Wurin da ya fi ba da natsuwa shi ne aljihun leda mai haske na saman jakar tanki, inda ake sa taswira, fuskar tana kallon sama, ko kuma 'yar jakar ɗaurawa a dantsen hagu. Duk abin da aka yi da zaren kabon, murfi ne ko gilashi, yana tare sigina kamar ƙarfe.

Mariƙin da ke zuwa da tag ɗin mai gam ne, don gilashin mota da ke cikin inuwa da kwanciyar hankali aka yi shi. A babur, girgiza da ƙura da zafin rana suna cinye gam ɗin, ranar da zai faɗi kuma a kan gudu zai faɗi. Wanda ya nace sai ya manna a gilashin babur ya ƙara ɗaure shi da igiyar roba mai zarge kanta, ya tuna kuma cewa ɓarawo ma yana ganinsa in an ajiye babur. Na'urar ba ta jure ruwa, don haka a sa ta cikin 'yar ledar nan mai zif kafin a sa ta a aljihu. Batirinta a rufe yake, ba a canza shi a gida, yana yin shekaru, in ya mutu kamfanin ke musanya na'urar gaba ɗaya. Saboda haka tsohon tag da wani ya ajiye a durowa ya ba ka aro abin tuhuma ne.

Sai zaɓen layi, inda kuɗi ke zurarewa ba a ji ba. A Faransa babur yana rukuni na 5, yana biyan wajen kashi 60 cikin 100 na abin da ƙaramar mota ke biya. Layin tag shi ne mai harafin t ruwan lemo a sama. Amma wasu daga cikin waɗannan layukan suna da ƙarfen iyakance tsawo na mita 2, an ware su ne ga ƙananan motoci, sau da yawa da alamar hana babur a jikinsu. Sandar za ta iya ɗagawa, amma kuɗin mota za a rubuta. Layin da ba shi da wannan ƙarfen shi ne na mai babur, ko da kuwa shi ne manyan motoci ke bi. Ko a layin da ya dace, babur mai faffaɗan akwatuna a gefe da wani a baya yakan ruɗa na'urar auna girma ta ɗauke shi mota. A kalli allon da ke gefen sanda, yana nuna rukunin da aka sa mutum. In 1 ya nuna maimakon 5, a riƙe sunan shingen da lokacin, a nemi gyara ta shafin kamfanin idan lissafin wata ya fito. Suna da hoton abin da ya wuce, gyaran ba gardama ba ne. Tag yana yin ƙara in an karanta shi, amma cikin hular kwano da ƙarar inji ba a ji, koren fitila ita ce shaida.

Haɗarin da ya fi kuɗi muni shi ne bin mota a manne. Eriya na iya karanta tag ɗin mai babur tun motar gaba ba ta fita ba, ya biya mata, sandar ta sauko a gabansa ko a kansa. A bari motar ta fice, sandar ta sauka, sannan a shiga. Layukan da aka rubuta 30 a kansu ana wuce su ba tsayawa a gudun da bai haura kilomita 30 ba, amma yatsu su kasance a kan birki, don sandar ba ta yi wa kowa alkawari ba. Tsakiyar layi kuma wurin ɗigar baƙin mai ne daga dubban motocin da ke tsayawa a nan, da an yi yayyafi sai ya zama santsi. A bi sawun tayar mota, dama ko hagu, a lura da inda za a sa ƙafa. Masu tafiya a ayari su shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa. Babura biyu a jere ƙarƙashin sanda guda, ko dai a rubuta su a matsayin mota ko ta sauko wa na biyu.

In ta ƙi ɗagawa, ba a ja da baya. A ciro tag ɗin a ɗaga shi sama, fuskar tana kallon eriya, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai yi ba, akwai maɓallin kiran ma'aikaci a jikin injin, za a nemi lambar da ke rubuce a takardar jikin tag ɗin, don haka kada a bari ta goge ko a rufe ta da salatif. Wani kuskuren kuma a mashiga yake faruwa, a fita ake jin zafinsa. A hanyoyin da ake lissafi da nisa, tag ne ke riƙe inda aka shiga. In ba a karanta shi a mashiga ba aka bi bayan wani aka wuce, a mafita babu shaidar inda aka fito, sai a caji tafiya mafi tsada, daidai da wanda ya yar da tikitinsa. Wanda kuma ya ciri tikiti a mashiga, ya biya da tikitin a mafita. Mai ɗauke da tag biyu, misali Jawaz da na Faransa, ko nasa da na abokin tafiya, ya naɗe wanda ba ya aiki cikin takardar alminiyam ta girki.

Akwai wuraren da tag ya tashi daga jin daɗi ya koma kariya. Faransa ta fara cire sanduna gaba ɗaya a wasu hanyoyi: hanyar A79 tun 2022, sai A13 da A14 tsakanin Faris da Normandi a 2024. Babu tsayawa, babu taga, kyamara ce ke ɗaukar lamba. Marar tag yana da awa 72 ya biya ta intanet ko a shagunan da aka amince da su. In lokacin ya wuce, tarar Yuro 90 ce, ana rage ta zuwa 10 ga wanda ya biya cikin kwana 15, ta kuma haura zuwa 375 bayan kwana 60. Baƙon da bai iya karanta allon Faransanci ba zai iya wucewa bai ma san ya ci bashi ba. Fotugal ma tana da irin waɗannan hanyoyi, ko da yake ta soke biya a wasu, har da A22 ta kudu, daga farkon 2025. Can akwai rangwamen kashi 30 cikin 100 ga babur, amma na wanda ya yi rajistar babur ɗinsa da Via Verde, kamfanin tag na Fotugal, ne, kada a sa ran tag ɗin wata ƙasa zai jawo shi. A Sifaniya babur da ƙaramar mota kuɗinsu ɗaya, sai dai hanyoyi da yawa sun zama kyauta, kamar AP-4 tsakanin Kadiz da Sebiya tun 2020. Wanda ya sauka daga jirgi a Aljeziras ya nufi Malaga ta AP-7 shi zai biya.

A ganina Jawaz ya cancanci kuɗinsa ga duk wanda zai ratsa Maroko daga kudu zuwa arewa. Na Faransa kuma sai ga wanda zai yi kwanaki yana bin manyan hanyoyi kuma ya warware maganar asusu tun yana gida. Mai bin ƙananan hanyoyi don kallon gari, katin banki a aljihun hannun jaket ya ishe shi.

Kafin a juyo gida a rufe rajistar tag ɗin Faransa a mayar musu da shi, ta gidan waya ko a ofishinsu na bakin hanya, a karɓi shaidar mayarwa. Na'urar tasu ce, aro suka bayar. Akwai tara ga wanda bai mayar ba, wasu kuma suna cajin kuɗin zaman banza in ta shekara ba a yi amfani da ita ba, kuma aiko da ita daga Katsina zai fi tarar tsada.