Maganin ƙarin jini ga tsofaffi: wanne za a saya?

Da zarar tsoho ya fara kasala, yana haki in ya ɗan taka, sai 'ya'ya su nufi kantin magani neman na ƙarin jini. A fara da gwaji tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya na kiransa ƙarancin jini idan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya gaza giram 13 a namiji ko 12 a mace, a kowace desilita ta jini. Amma a tsofaffi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke samo asali daga rashin ayan (sinadarin ƙarfe), bitamin B12 ko folet (shi ma nau'in bitamin ne). Wanda ƙodarsa ce ta raunana, ko ya sha kwalba goma ba zai ga canji ba.

In gwajin feritin, wanda ke auna ayan da jiki ya ajiye, ya nuna ayan ne ya yi ƙasa, a duba yawan ainihin ayan da ke cikin ƙwayar, kada nauyinta ya ruɗi mai saye. Feros salfet na miligiram 200 yana ɗauke da ayan kusan miligiram 65, shi ya fi araha, kuma da shi zan fara. Feros gulukonet na miligiram 300 yana da kusan 35, wasu sun fi jure shi. Duk suna baƙanta bayan gida, suna kuma taurara shi, abin da dama ke wahalar da tsofaffi. Ƙwaya ɗaya a rana ta isa, likita ma na iya cewa a riƙa tsallake rana. Kada a haɗa da shayi, madara ko ƙwayar kalsiyam.

Na ruwa ya dace da mai wahalar haɗiya, sai dai yana ɓata haƙora. Masu haɗe-haɗen bitamin da ado a kwali kuwa, sau da yawa ayan ɗinsu kaɗan ne, tsadar ce da yawa. Wanda ake sawa ta jijiyar jini aikin asibiti ne.

Wanda ya daɗe yana shan metfomin (maganin ciwon suga) ko omefirazol (maganin gyambon ciki), a gwada masa B12. In B12 ne ya yi ƙasa, folet kaɗai na iya gyara jinin, jijiyoyin laka kuma na ci gaba da lalacewa. Haka kuma tsohon da ayan ɗinsa ya ragu, a nemo inda jinin ke tsiyaya, domin gyambon ciki, asfirin da sankarar hanji duk suna jawo haka.