Gidan haya a Kano: shago, ɗakunan ɗalibai ko ciki da falo?

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi a Kano, shawarar farko da zai ji daga dangi ita ce, "Zuba su a ƙasa, ƙasa ba ta ruɓewa." Kuma da gaskiyarsu. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, wanda ya bar kuɗinsa a banki yana ji yana gani suka narke. Sai dai fili daban, gidan haya daban. Fili ajiya ne, ka kafa tubali a kusurwa huɗu ka yi tafiyarka. Gidan haya kuwa sana'a ce, da wayar tsakar dare cewa famfo ya fashe.

Kafin ka bi dillali ko'ina, ɗauki biro. Raba kuɗin gidan da hayar da zai kawo a shekara. A ce an yi maka tayin gida miliyan 40, hayarsa miliyan 2: shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, wato kashi 5 cikin ɗari, ba a cire fenti da yashe masai da watannin da gidan zai zauna babu kowa ba. Ka ajiye wannan kusa da Sukuk (takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci) na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, wanda ya riƙa biyan kashi 16.47 a shekara, ko hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Nan za ka gane cewa ribar gidan haya a garin nan tana cikin tashin darajar filin da ke ƙarƙashinsa. Aikin haya shi ne ta riƙe gidan, kada ya riƙa cin aljihunka kafin ranar sayarwa. Da wannan ma'aunin nake duba kowane zaɓi.

Shago ne ya fi saurin dawo da kuɗi, babu gardama. Babu banɗaki balle ya toshe, ɗan kasuwa kuma yakan biya a kan lokaci don ba ya son rasa wurin da abokan ciniki suka san shi. A kewayen Kantin Kwari, Singa, Farm Centre ko bakin titin gidan Zoo, shago ba ya kwana babu mai nema. Amma haɗarinsa na rana ɗaya ne, kuma idan ya zo ba ya rage komai. Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a Maris ɗin 2016, Kwari ta sha ambaliya a daminar 2022. Wanda ya fi zama darasi shi ne rusau na Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta sa katafila a shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula. Da yawa daga masu shagunan suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Saboda haka duk shagon da aka yanka daga filin makaranta, masallaci, maƙabarta ko jikin badala, komai kyan hatimin da ke kan takardarsa, ni dai ba na kusantarsa.

Ɗakunan ɗalibai a Janbulo, Ɗanbare da Rimin Gata, kusa da Jami'ar Bayero, suna da daɗin lissafi a takarda, domin fuloti ɗaya zai ba ka ɗaki goma ko fiye. Amma ka tuna 2022, da malaman jami'a suka yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Hayar wasu ta ƙare suna gida, kayansu na kulle a ɗaki, mai gida ba kuɗi ba damar sa wani. Ga kuma gyara duk shekara: ƙofa, makulli, kan famfo, wayar wuta da hita ta ƙona. Idan ba ka da yaro amintacce da zai zauna a wurin, ka haƙura.

Babban gida a Nasarawa GRA ko Bompai na masu hannu da shuni ne. Hayarsa kan yi ƙanƙanta idan aka gwada da kuɗinsa, kuma in ɗan haya ya tashi, samun wani sai an jira. Ajiyar dukiya ce kawai.

Gidan yawa, mai ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya ko biyu a ƙarshen tsakar gida, shi ne mafi arha wajen saye, shi ne kuma ya fi cin rai. Kuɗin na shigowa a gutsure, wannan ya ba da rabi, wancan matarsa ta haihu, ka yi masa uzuri zuwa bayan suna. Rabin lokacinka zai tafi a sulhun wanda bai share tsakar gida ba da rabon kuɗin wuta. Kuma a garin da kowa ya san kowa, fitar da mai iyali ba ƙaramin abu ba ne. Kafin ka kai kotu, limamin unguwa da surukinka sun riga ka zuwa ƙofar gida suna ba da baki.

In ni ne da matsakaicin jari, zan nemi fuloti ko kango a unguwannin da gari ke tafiya, irin su Rijiyar Zaki, Hotoro ta ciki, Mariri ko Naibawa, in fitar da ciki da falo guda uku ko huɗu, kowane da kicin da banɗakinsa da mitarsa mai kati. Dalilina mai sauƙi ne: aure ba ya tsayawa a Kano, kuma kowane ango wannan yake nema. In ɗaya ya tashi, sauran na biya. Abin da zai sa su zauna kuwa ruwa ne. Gidan da ke da rijiyar burtsatse da sola ya fi mai tayil da silin na ado daraja a idon matar da ta gaji da jiran mai kura. Sai dai ka yi lissafin gini da farashin yau, don buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000 a farkon 2024, ya bar mutane da kangaye a matakin linta. Wani lokaci sayen ginannen gida a gyara ya fi sauƙi.

Sauran magana takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kake saye izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sauya suna na buƙatar amincewarsa. Awon gwamnati ya fi tsada, amma za ka iya kai lambar fayil ofishin KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka sunan da ke kai. Awon igiya ya fi arha, takardarsa ta mai unguwa ce da shaidu, titinsa kuma abin da mai gona ya ga dama ya bari. Gobe ana iya wayar gari da jan fentin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a bango. Gidan gado kuwa, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowane magaji. Wani ɗan'uwana ya biya, ya yi fenti, har ya sa 'yan haya, sai ga wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta bayyana, ta ce ita ba da yawunta aka sayar ba. Shekara biyu suna hawa da sauka a kotu, hayar da ya karɓa duk ta tafi a hannun lauya.

Dillali la'adarsa yake nema, kuma da rani da tsakar rana zai kai ka. Ka koma kai kaɗai cikin watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga ko mota na shiga layin, ka duba gindin bango ko yana jiƙa. Ka sake komawa bayan sallar isha'i, ka zauna wajen mai shayin bakin layi, ka tambaye shi nawa gidan da ke kallon naka yake biya, da kuma dalilin da ya sa mai wannan yake son sayarwa.